Ba a Cinikin Biri a Sama: Yadda Ake Sayen Kayan Hannu a Kasuwannin Kebbi

Kayan hannu iri biyu ne yanzu a kasuwa: wanda hannu ya yi, da wanda inji ya yi aka sa masa rigar na hannu. Jakar roba da aka yi wa tufka a baki, hular da inji ya ɗinka cikin awa ɗaya, zanen kamfani da aka buga wa zanen saƙi, duk suna rataye rumfa ɗaya da na gaskiya, wani lokaci ma kuɗinsu ɗaya. Ido kaɗai ba ya raba su. Sai an sa hanci, an sa kunne, an sa yatsa da ɗigon ruwa. Wannan bayani na wanda zai shiga babbar kasuwar Birnin Kebbi ne, ko ta Jega, ko rumfunan baje koli da ake kafawa a Argungu lokacin bikin kamun kifi, yana son ya dawo gida da abin da zai shekara yana amfani da shi.

Tun daga gida

Fara da yanke abin da za ka saya. Wanda ya shiga kasuwa da niyyar "in ga abin da ya samu" yakan ƙarar da kuɗinsa a rumfa uku na farko. Rubuta abu uku ko huɗu, ka ɗauki awonsu. In hula ce, zagaya tef a kai, yatsa ɗaya sama da gira. Masu hula da inci suke lissafi, yawancin manya suna faɗawa tsakanin 21 da rabi zuwa 23 da rabi. In takalmin wani za ka sayo, ka sa ya taka takarda a tsaye ka zana sawunsa, domin lambar baduku ba lallai ta yi daidai da ta kanti ba. In tabarma ce ko shimfiɗa, auna ɗakin da igiya ka ƙulla ta a tsawo da faɗi.

A aljihu ka sa farin ƙyalle ɗan ƙarami, gorar ruwa, ashana, da tef ɗin awo. Su ne kayan aikinka. Kuɗi kuma ka raba su biyu: ƙananan takardu na ɗari biyu da ɗari biyar a aljihun gaba, manya a ciki. Mai tukwane da ta zo daga ƙauye ba ta da canjin dubu da sassafe, kuma ba ta karɓar tiransifa. Masu rumfar dindindin da matasan da ke baje koli suna karɓa, amma sabis yakan ɗauke ranar da kasuwa ta cika.

Lokacin zuwa ya danganta da abin da kake so. Masu sana'a na ƙauye sukan gama sauke kaya da hantsi, don haka daga ƙarfe goma zuwa azahar ne ake samun zaɓi. Bayan la'asar kuɗi na sauka, saboda ba mai son ya koma da randa a kan babur, sai dai a lokacin an tsince masu kyau. Daga Maris zuwa Mayu zafi a Kebbi yakan wuce digiri 40, ka yi sammako ka gama kafin rana ta take. In daga wani gari za ka taso, ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki a ranar, ka shiga mota a tasha, ka tsara dawowa da sauran rana.

In Argungu ka nufa, kimanin tafiyar awa ɗaya ce daga Birnin Kebbi. Bikin, wanda aka faro a 1934 kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, yakan faɗo wajen Fabrairu ko Maris, amma ba kowace shekara ake yin sa ba, sai ka tabbatar kafin ka ɗaura niyya. Shawara ɗaya: kafin ka je rumfuna, ka ba gidan tarihi na Kanta rabin awa. Tsohuwar fadar sarki ce da aka mayar gidan tarihi a 1958. Wanda ya kalli aikin mutanen da, idonsa yakan waye, ya daina ruɗuwa da ƙyalli.

Zagayen farko, hannu a aljihu

Kada ka sayi komai a zagayen farko. Bi layin dukawa, masu hula, masaƙa, masu tabarmi da faya-fayai, masassaƙa, har ƙarshen kasuwa inda aka saba ajiye masu tukwane. Tambayi kuɗin abu ɗaya a rumfa uku, ka riƙe a kai.

Abin da kake nema a wannan zagaye shi ne wanda ya yi kayan da hannunsa. Alamarsa ba ta ɓuya: akwai aiki rabi a cinyarsa, akwai basilla da guntayen fata a ƙasa, yatsunsa sun rine. Ka gaishe shi yadda ya dace, "Sannu da aiki, Baba, ya kasuwa?", sannan ka tambaya, "Aikinka ne ko sari ne?" Ba zagi ba ne, kuma yawanci za a gaya maka gaskiya. Mai sari ba laifi ya yi ba, yana taimaka wa matan kulle da ke saƙa da ɗinki a gida su sayar. Bambancin shi ne in ɗinki ya warware, mai yi zai gyara maka, mai sari sai ya ba ka haƙuri.

Za ka haɗu da wanda zai ce zai raka ka inda ake samun na asali. Dillali ne, kuma la'adarsa tana cikin kuɗin da za a faɗa maka. In baƙo ne kai kuma kana sauri, yana da amfani, amma ku yi magana a kan ladansa tun farko.

Kayan fata

A nan aka fi cutar mutane, don haka a nan za mu daɗe. Wannan yanki shi ne gidan jar akuya, wadda fatarta ta bi ayarin Sahara shekaru aru-aru har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Majema suna cire gashi da toka, su jiƙa fatar a ruwan bagaruwa, su shafe ta da mai, sannan a rina: ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Yanzu da yawa sun koma garin rini na kanti, shi ya sa gwaji ya zama dole.

Fara da hanci. Fatar da ta jimu tana da ƙamshin bagaruwa, mai ɗan kama da na ɓawon itace. In ka ji ɗoyi ko ƙarni, an fitar da ita daga ruwan jima da wuri. Da rani warin yakan kwanta, damina na sauka ya tashi, kuma ba turaren da ke kashe shi. In ka ji warin leda ko na gam kaɗai, roba ce.

Juya cikinta. Bayan fata yana da gashi-gashi kamar auduga. Bayan roba yadi ne aka manna. In an yi wa jakar shafi ta yadda ba ka ganin baya, duba bakin yanka a gindin hannu ko kusa da zif. Sannan ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a wuri ɓoyayye: fatar bagaruwa tana shan sa, wurin ya yi duhu na ɗan lokaci, a kan roba sai ya tsaya kamar ƙwalla.

Ninka ta biyu ka matse. In fuskar ta yi tsaga-tsaga, ba ta sha mai ba, ko ta daɗe a rana. Jiƙa farin ƙyallenka ka goga sau biyar da ɗan ƙarfi. Ɗan shafe-shafen launi ba komai, musamman a ja. In kuwa ƙyallen ya rine sosai, to haka farar shaddarka za ta koma ranar da gumi ya haɗa su.

Tambayi wace dabba ce. Akuya ta fi ƙarko ga jaka da saman takalmi. Fatar tunkiya ta fi laushi, ta fi araha, amma tana miƙewa kuma tana saurin yagewa, ta fi dacewa da shafi ko matashi. Ƙasan takalmi da ɗamara sai ƙirgin shanu.

Ɗinki shi ne ƙarshe. Ɗora tef ka ƙirga: ɗinki shida zuwa takwas a inci ɗaya ya yi kyau ga jaka, huɗu ko ƙasa da haka gaggawa ce. Ja hannun jakar da ƙarfi a gaban mai ita. Ya kamata a ce an ɗinke shi sau biyu ko an buga masa ƙusa, ba gam kaɗai ba. Matsa gindinta: in ka ji ƙarar kwali, to kwali aka sa don ta tsaya, ruwan sama ɗaya zai lanƙwashe ta har abada. Takalmi kuma ka gwada ƙafa biyu, a tsaye, ka yi taku goma, ka duba ko an ɗinke ƙasan ko manne shi aka yi, domin gam ba ya jure zafin kwalta a watan Afrilu. Ɗan matsi kaɗan a faɗi ba matsala, fata tana buɗewa. Gajarta ba ta da magani. Tum-tum kuwa a sayo shi wofi, a cusa masa tsummoki ko audugar rimi a gida.

In ka sayi tandu don kyansa, to, amma kwallin dutsen da ake zubawa a ciki dalma ce a jikinsa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Kada a sa wa jariri.

Hula, saƙi da rini

Juya hula ciki waje. Aikin inji layinsa ɗaya ne tamkar an auna da rula, bayansa cike da farin zare iri ɗaya. Aikin hannu yana da ƙulli nan da can, inda zare ya ƙare aka ɗora wani, kuma in ka ɗaga ta ga rana za ka ga hujin bai zama daidai wa daida ba. Abin da ake dubawa shi ne cika: a hula mai kyau ba ka ganin farin yadi ko layin biron da aka zana a tsakanin ɗinki. Irin wannan takan ci makonni, wani lokaci watanni, a hannun mai ɗinki, kuma kuɗinta na nuna haka. Kada sitaci ya ruɗe ka; kowace hula tana tsayawa ƙyam ranar da ta fito daga mai wanki. Sa tef ka auna bakinta da kanka, domin ana iya buɗa ƙaramar hula a kan katakon wanki, ta koma gidanta bayan gumi ya taɓa ta.

Saƙar maza siririya ce, faɗin yatsu huɗu zuwa tafin hannu, sai a jera a haɗa da ɗinki. Saboda haka zanen saƙi na gaskiya yana da haɗi da za ka ji da yatsa. In layin a fuska kawai yake, baya kuma sumul, bugawa aka yi. Saƙar mata a tsaye take kuma ta fi faɗi, ita ba ta da wannan haɗi da yawa, amma gefenta yana nuna hannu. Don sanin zaren, roƙi mai kaya ya tsinko maka silli ɗaya daga geza, ka kyasta masa ashana can gefe. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Zaren roba yana narkewa, ya dunƙule ya yi tauri. Zaren roba ba haram ba ne, bai dai kamata a biya shi kuɗin auduga ba, kuma yana da zafi a jiki. Audugar saƙar hannu tana tsukewa a wankin farko, saboda haka in riga za a ɗinka, ka ƙara rabin yadi, ka jiƙa shi ya bushe kafin tela ya sa almakashi.

Rinin baba yana zuba shuni a farko, wannan halinsa ne, ba aibi ba. Gishiri ba ya hana shi. Abin yi shi ne a wanke shi shi kaɗai da ruwan sanyi da sabulu mai laushi, sau biyu ko uku, a shanya a inuwa.

Tukwane, ƙwarya, icce da kaba

Tukunya da kunne ake sayenta. Ɗaga ta da hannu ɗaya ta baki, ka ƙwanƙwasa da gaɓar yatsa. Mai lafiya tana amsawa da ƙara mai tsawo. Mai tsaga ko wadda ba ta gasu ba sai ka ji "daf". Karce gindinta da farce: in gari ya fito, wuta ba ta ratsa ta ba, ruwa zai cinye ta. Baƙin tabo a jiki sawun wuta ne kawai. Randa da tulu dole su yi ɗan gumi a waje, ta haka ruwa ke sanyi. Ɗiga ce ba a so. In akwai ruwa kusa, "Inna, a ɗan zuba mu gani" ba ta ɓata wa kowa rai. A gida a cika sabuwa da ruwa ta kwana, a zubar, a maimaita har warin ƙasa ya tafi. Ta girki kuma a fara dafa ruwan kamu tsararo a cikinta da wuta kaɗan, ya toshe ƙananan ƙofofi. Abin da ya fi fasa tukunya shi ne a ɗora ta wofi a kan wuta mai ƙarfi, ko a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi.

Ƙwarya a ɗaga ta ga haske a nemi huji da tsaga, a buga ta a tafi: in farin gari ya zubo, ƙwaro na ciki. Sabuwa tana da ɗaci, sai an kankare cikinta an jiƙa ta kwana biyu ko uku ana sauya ruwa.

Turmi da taɓarya a nemi na ƙirya, nauyinsa zai gaya maka. Allo an fi yin sa da aduwa. Babban haɗarin sassaƙa shi ne ɗanyen icce: yana da nauyi fiye da kima, yana da sanyi a tafin hannu, kuma hunturu na zuwa ya dare. Bi gindin turmi da farce, domin akan cike tsaga da garin katako da gam a shafe da baƙi.

Faifai da tabarma gwajinsu gajere ne. Lanƙwasa kaɗan, kabar da ta tsufa tana ƙara tana karyewa. Ɗaga ga rana, in haske na ratsawa da yawa saƙar ta yi sako-sako. Duba baki, nan ake fara warwarewa.

Rumfunan matasa

Akwai sabon rukuni: matasa, da yawansu mata, masu haɗa fatar gida da atamfa su fitar da jaka, masu takalmi da sunansu a jiki, masu turaren wuta, humra da sabulun salo. Yawanci ba su da rumfar dindindin, a WhatsApp da Instagram suke talla, sai a baje koli ake ganinsu ido da ido. Gwajin fata ɗaya ne a nan ma. Kwali mai kyau da tambari ba su sauya abin da ke ciki. Turaren wuta a sa a ƙona maka ɗan kaɗan, ka jira hayaƙin ƙarshe, domin wanda sukari ya yi wa yawa da ƙauri yake ƙarewa. Humra a shafa a bayan hannu a je a dawo bayan minti goma sha biyar.

Su sukan rubuta kuɗi a jiki, ragin da za a samu kaɗan ne, sai in ka ɗauki biyu ko uku. Kada ka ɗauki hoton kayansu ba izini. Sun sha ganin an kai wa wani ya kwaikwaya da rabin kuɗi.

Ciniki

Sai ka gama gwaji za ka tambayi kuɗi, ba kafin nan ba. A ce ya ce dubu goma. Ka taya shida ko bakwai, ya ce "albarka", ka ƙara ɗari biyar, ya sauko, ku haɗu a tsakiya. Taya dubu biyu a kan abin dubu goma raini ne, kuma mai sana'a yakan rufe baki daga nan. In ka ga aibi ƙarami da za ka iya zama da shi, nuna shi a hankali, ba a gaban wasu masu saye ba, ka nemi ragi a kansa. Kafin ka matsa wa tsohuwa mai faifai a kan naira ɗari biyu, ka lissafa kwana nawa ta yi tana nannaɗe shi. Inda ya kamata a ja ciniki shi ne wajen mai sari.

Ƙa'ida biyu ba a karya su. In ka taya aka ce "na sallama", ka saya ke nan, ba a tayawa don gwaji. Kuma ba a shiga cinikin da wani yake ciki har sai ya tashi. Addini ya hana, kasuwa ma ta hana. In rikici ya taso, ofishin sarkin kasuwa ko shugaban layin ake zuwa, ba ɗaga murya ba. In tiransifa za ka yi, karanta masa sunan da ya fito, ka jira ya ga alat.

In za a yi maka na musamman

Sau da yawa abin da ya fi shi ne ka ba da aiki. Ka zaɓi fatar ko zaren da kanka, ka yanki ɗan guntu ka riƙe. Ku rubuta awo, launi, kuɗi da ranar karɓa a takarda, kowa ya ɗauki hotonta. Kafin alƙalami kada ya wuce rabi. Wanda ya biya duka ya koma ƙarshen layi. Guji ba da aiki a watan azumi ko makonni biyu kafin babbar salla, lokacin ne ɗinki ke zama huɗu a inci.

Wajen ɗauko kaya, tukwane su ne na ƙarshe da za a saya. Ɓuntun shinkafa ba ya wuya a Kebbi. A cika cikin tukunya da shi, a zuba a buhu ta zauna a tsakiya, baki sama, kuma a riƙe ta a cinya ko a biya mata kujera maimakon but. Kayan fata kada su kwana a leda, gumi na sa su fumfuna. A gida a rataye su inda iska ke shiga, da hunturu a shafa musu man kaɗe kamar ƙwayar gyaɗa, a fara gwadawa a gindi domin yana ƙara wa launi duhu. Tabarma da faifai kuma a ɗaga su daga ƙasa da damina, a riƙa fitar da su rana sau ɗaya a mako saboda gara da laima.